Bugawa daga Linux zuwa firintar da ofis ke tarayya a kanta

A yawancin ofisoshinmu da makarantunmu da shagunan buga takardu, firinta ɗaya ake da ita, kuma da ita kowa ya dogara. Muddin dai Windows ce a kan dukkan kwamfutocin wurin, ba kasafai ake jin ƙorafi ba, domin wanda ya haɗa ta tun farko ya bi hanyar da ya saba. Rigima tana tashi ne ranar da wani ya shigo da kwamfuta mai ɗaya daga cikin rabe-raben Linux, kamar Ubuntu ko Debian ko Fedora, ya tura takarda, firinta ta yi shiru abinta. Nan take sai a yanke hukunci cewa ai Linux ba ta da direba, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta iya magana da firintar, a ce masa ya zuba takardar a filash ya kai wa sakatare ya buga masa. A nawa ganin wannan hukunci yakan sauka ne a inda ba nan matsalar take ba. Abubuwa uku ne ake cakuɗawa a kira su da suna ɗaya: inda firintar take a kan hanyar sadarwa, da ƙofar da take karɓar aiki ta cikinta (wato port, wadda ake kira da lamba), da kuma harshen da take fahimta. Ɗan aike zai iya sanin gida amma ya buga ƙofar da ba a buɗewa, zai kuma iya shiga ya yi sallama da harshen da masu gida ba sa ji. Direba yana da ruwa ne da na ukun kaɗai, alhali kuwa galibin shirun da na ci karo da shi daga na farko da na biyu yake fitowa.

Manhajar da ke kula da bugawa a kusan kowace Linux, da kuma macOS, ita ce CUPS. Michael Sweet ne ya ƙirƙire ta a kamfaninsa na Easy Software Products, ta fara fita a 1999. Apple ya ɗauke ta cikin Mac OS X a 2002, sannan ya saye ta gaba ɗaya a 2007 tare da ɗaukar Sweet aiki. Bayan ya bar Apple a ƙarshen 2019, ci gaban wadda Linux ke amfani da ita ya koma hannun ƙungiyar OpenPrinting. Kafin zuwan CUPS, a tsofaffin tsarin Unix da Linux ta kwaikwaya, BSD yana da lpr da lpd, System V kuma yana da lp, shi ya sa har yau umarnin lp da lpr duka biyu suke aiki, ko da yake CUPS ce ke amsawa a bayansu. Wanda bai taɓa gwadawa ba ya buɗe burauzarsa ya rubuta localhost:631, zai ga shafin da CUPS ke nuna firintocin da ta sani da ayyukan da ke jira a layi. Na fi amincewa da wannan shafi a kan tagar saituna ta GNOME ko KDE, wato fuskokin da Linux ke nunawa a allo, saboda ita tagar takan ɓoye adireshin da aka yi amfani da shi, shi kuwa shafin yana baje shi a fili.

Yana da kyau a san hanyar da takarda ke bi. Idan aka danna bugawa a LibreOffice ko Firefox, manhajar takan mai da takardar PDF ta miƙa wa CUPS. CUPS ta ajiye ta a layin jira, ta bi da ita ta cikin wasu ƙananan manhajoji masu juya ta zuwa harshen da firintar ke ji, ko PostScript ko PCL ko kuwa hoton shafi ɗigo-ɗigo, sannan wata manhajar ta ƙarshe ta ɗauki sakamakon ta kai shi adireshin da aka rubuta mata. Duk inda aiki ya maƙale, a ɗaya daga cikin waɗannan matakai ne.

Hanya mafi sauƙi ita ce idan firintar kanta tana kan hanyar sadarwa, wato an soka mata wayar sadarwa ko an haɗa ta da wayafai, kuma ba tsohuwa ce ainun ba. Tun da Apple ya fito da AirPrint a 2010, ƙungiyar Printer Working Group kuma ta fitar da ƙa'idar IPP Everywhere a 2013, masu ƙera firintoci suka koma gina su yadda wayar hannu za ta iya bugawa ba tare da an ɗora mata direba ba. Linux ta ci gajiyar wannan sosai. Gwajin da nake yi kafin komai shi ne in nemi mai iPhone a ofishin ya duba ko wayarsa tana ganin firintar. Idan tana gani, to kusan tabbas Linux ba ta buƙatar direba ko ɗaya. Umarnin ippfind, idan aka rubuta shi a tagar umarni (terminal), zai nuna adireshin da firintar ke shelanta kanta da shi, daga nan kuma layi ɗaya ya isa, inda Ofis shi ne sunan da aka ba firintar, adireshin kuma misali ne:

lpadmin -p Ofis -E -v ipp://192.168.1.50/ipp/print -m everywhere

Abin da ke faruwa a nan shi ne CUPS tana tambayar firintar ta ƙofa ta 631, ƙofar IPP, wato tsarin tura aikin bugawa ta hanyar sadarwa, irin takardar da take ɗauka, da ko tana buga gaba da baya, da ko tana da launi, ita kuma ta amsa, sai a gina layin jira bisa amsarta. A lura da wurin da -E take a cikin umarnin: idan ta zo bayan sunan firinta tana nufin a kunna layin ya fara karɓar aiki, idan kuwa ta riga -p zuwa ma'anarta ta zama a sirranta maganar da ke tsakanin umarnin da CUPS. Mutum zai iya sa ta a wurin da ba daidai ba, umarni ya wuce lafiya, ya zauna yana mamakin layin da aka ƙirƙira amma yake a kashe.

Tsofaffin firintocin ofis, musamman manyan LaserJet na HP da ake sayowa na hannu, sukan saurara a wasu ƙofofin daban. Akwai ƙofa ta 9100, wadda HP ya yaɗa ta hanyar katinsa na JetDirect, ana rubuta adireshinta da socket://, akwai kuma ƙofa ta 515 ta tsohon tsarin LPD, wadda ake rubutawa da lpd://. Ita 9100 ba ta tambaya, ba ta kuma ba da wani bayani na kirki: duk abin da aka zuba mata sai ta miƙa wa injin. Shi ya sa idan aka zaɓi direban da ba nata ba, aka tura PostScript ga firintar da ba ta jin sa, za a ga tana fito da shafi bayan shafi, na farko da %!PS-Adobe a samansa, sauran kuma da layi ɗaya ko biyu na alamomi marasa ma'ana, har sai wani ya ruga ya zare tiren takarda. A irin wannan hali kam maganar direba gaskiya ce, kuma yawanci zaɓin Generic PCL ko Generic PostScript da ke cikin jerin CUPS yana raba gardama. Kafin a kai ga wannan, ping zai nuna ko firintar tana nan, umarnin nc -zv tare da adireshi da lambar ƙofa kuma zai nuna ko ƙofar a buɗe take. Minti ɗaya ake yi a kan wannan gwaji, amma yana hana a ɓata yini ana sauke direbobi daga intanet da datar da ba ta da araha.

Batun adireshi ne ya fi cancantar a daɗe a kansa, domin a nan ne yanayinmu ya bambanta da na waɗanda suka rubuta yawancin bayanan da ake karantawa. Na'urar rauta ita ke raba wa kowace na'ura adireshin IP ta tsarin DHCP, kuma aro take bayarwa, ba kyauta ba. A inda wuta ba ta yankewa, firinta za ta iya shekara da adireshi ɗaya ba tare da kowa ya lura cewa na aro ne ba. A wurinmu kuwa ana ɗauke wuta, a tayar da janareta, a dawo da wuta, a sake sauyawa, kuma ƙananan rautoci da yawa sukan manta rabon da suka yi idan suka mutu. Duk na'urar da ta riga farkawa ita ke karɓar lambar farko. Firintar da jiya take 192.168.1.50 yau ta zama 192.168.1.53, lambarta ta jiya kuma tana kan wayar wani baƙo da ya shigo gaisuwa. Linux tana nan tana tura aiki zuwa tsohon adireshi, saƙon da ke shafin CUPS kuma yana cewa ba a samu firintar ba ko ana jiran ta amsa. Ba direba ba ne, ba kuma laifin Linux ba ne. Kwamfutar Windows da aka saita da lamba ita ma takan faɗa cikin wannan rami.

Magani biyu ne, kuma na fi son a haɗa su. Na farko a shiga saitunan rauta a keɓe wa firintar lamba ta dindindin bisa adireshin MAC ɗinta, wato lambar da aka ƙera katin sadarwarta da ita, wanda ake samu a shafin bayanin da firintar ke bugawa da kanta. Na biyu a kira ta da suna maimakon lamba. Firintocin zamani suna shelanta sunansu mai ƙarewa da .local ta tsarin mDNS, wanda Apple ke kira Bonjour, a Linux kuma manhajar Avahi ce ke sauraren sa a ƙofa ta 5353. Idan layin jira ya dogara da suna, sauyin lamba ba ya damun sa. Sai dai wannan shela ba ta tsallake rauta zuwa wani sashe na hanyar sadarwa, don haka a makarantar da aka raba ɗakin malamai da ɗakin kwamfuta gida biyu, ko a ofishin da wayafai na baƙi ya hana na'urori ganin juna, firintar ba za ta bayyana da kanta ba, dole a koma ga lambar da aka keɓe.

Yankewar wuta tana da wani sharrin kuma. Bisa tsarinta na asali, idan CUPS ta kasa isar da aiki takan tsayar da layin gaba ɗaya, kuma ba ta sake kunna shi ko da firintar ta dawo. Wasu rabe-raben Linux sun sauya wannan ɗabi'a, wasu kuma sun bar ta. Umarnin lpstat -p zai nuna ko layin a tsaye yake, cupsenable tare da sunan firinta zai tashe shi, idan kuma ana son a huta da wannan sai a ba lpadmin zaɓin printer-error-policy=retry-job. Amma kafin a tashi layin da ya daɗe a tsaye a duba abin da ya taru a ciki da lpstat -o, saboda mutumin da ya danna bugawa bai ga komai ba yakan sake dannawa, ya kuma sake, kuma duk waɗannan kwafin suna nan suna jira. Umarnin cancel -a yana share su. Da tsadar rim na takarda da ta tona a yau, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Yanayin da ya fi yawa a ƙananan ofisoshi shi ne firintar ba ta da ramin wayar sadarwa kwata-kwata. Tana haɗe ne da kwamfutar Windows guda ɗaya ta USB, an kuma raba ta daga can. A nan Linux tana magana ne da Windows ba da firintar ba, ta tsarin SMB, wanda Windows ke raba fayiloli da firintoci da shi, a ƙofa ta 445, kuma tana buƙatar kayan Samba, manhajar da ke sa Linux ta ji SMB, wadda Andrew Tridgell ya fara a 1992. Umarnin smbclient -L tare da adireshin kwamfutar da sunan mai amfani zai jero abin da aka raba, kuma sunan da ya fito a nan shi za a sa bayan smb://, ba sunan da ke rubuce a jikin firintar ba. Idan sunan yana da tazara a tsakiya, kamar yadda Windows ke son yi, ko dai a rubuta %20 a madadin kowace tazara, ko kuma a je a sauya shi zuwa gajeren suna, wanda shi ne ya fi hankali.

Kalmar sirri ce kan kawo cikas a wannan hanya. Windows, bisa saitinta na asali, ba ta barin a shigo ta hanyar sadarwa da asusun da ba shi da kalmar sirri, kwamfutocin ofis da dama kuwa haka ake barin su don sauƙi. Sakamakon shi ne saƙon NT_STATUS_LOGON_FAILURE ko NT_STATUS_ACCESS_DENIED. Abin da ya dace shi ne a buɗe wani asusu na musamman a kan Windows ɗin don bugawa kawai, mara ikon shugabanci. Ana iya cusa sunan da kalmar sirrin cikin adireshin smb://, amma za su zauna a rubuce ƙarara cikin fayil ɗin /etc/cups/printers.conf, gaskiya ne mai iko da kwamfutar ne kaɗai ke iya karanta shi, duk da haka ba zan sa kalmar sirrin shugaban ofis a ciki ba. Idan kuma kwamfutar da ke riƙe da firintar Windows XP ce, akwai ƙarin matsala: ita tsohon SMB1 kaɗai ta iya, shi kuma Samba tun daga sigar 4.11 ta 2019 ya daina amfani da shi sai an tilasta masa a smb.conf. SMB1 ɗin nan shi ne ramin tsaron da ƙwayar cutar kwamfuta ta WannaCry ta bi a 2017, saboda haka sake buɗe shi don firinta ɗaya ciniki ne mai asara.

Wani abin da ba a cika fahimta ba shi ne, direban da ke kan Windows ɗin ba ya taimaka wa Linux da komai. Windows tana karɓar abin da aka turo ne ta miƙa wa firinta yadda yake, don haka dole Linux ta riga ta juya takardar zuwa harshen firintar. Wannan ne ke sa ƙananan firintoci masu araha irin su HP LaserJet 1018 da 1020 su zama abin ciwon kai. Ba su jin PCL ko PostScript. Kwamfuta ce ke yi musu dukkan lissafin shafi, har ma manhajar cikinsu sai an loda musu ita duk lokacin da aka kunna su. A Linux ana samun direbansu a foo2zjs, ko a HPLIP tare da ƙarin da umarnin hp-plugin ke saukowa da shi. Suna aiki, kuma suna da ƙarko, shi ya sa har yanzu ake ganin su a shagunan buga takardu.

Ga irin waɗannan na fi ganin hikimar a juya tsarin. Maimakon a bar firinta a jikin kwamfutar sakatare, wadda idan ya kashe ta ya tafi salla ko ya tashi aiki kowa ya tsaya, sai a haɗa ta da wata tsohuwar kwamfuta mai Linux ko ƙaramar Raspberry Pi da ba ta cin wuta, a ɗora direban sau ɗaya a can, a ba da umarnin cupsctl --share-printers, a kuma tabbatar layin yana cikin waɗanda aka yarda a raba. Daga nan CUPS za ta shelanta ta a matsayin firintar IPP, kwamfutocin Linux da Mac su gan ta ba tare da direba ba, Windows ma tana iya haɗuwa da ita ta adireshin layin a ƙofa ta 631. Matsalar direba ta koma wuri ɗaya maimakon ta bazu a kan kowane tebur.

Girman takarda ƙaramin abu ne mai ɓata lokaci. Mu A4 muke amfani da ita, milimita 210 a faɗi da 297 a tsawo, Amurka kuwa Letter, mai kusan 216 da 279. Wanda ya ɗora Linux ya bar yare da yanki a kan na Amurka, takardunsa za su fito da girman Letter, firintar ta tsaya tana kyafta fitila tana neman takardar da babu ita a tire, ko ta buga amma tsarin shafin ya goce. Umarnin lpoptions -p Ofis -o media=A4 yana gyara ɓangaren CUPS, amma sai an duba saitin shafi a cikin LibreOffice ma. Mu masu rubutu da Hausa muna da ƙarin abin lura, wato haruffa masu lanƙwasa. Idan fon ɗin da aka zaɓa ba shi da ƙ da ɗ da ɓ, manhaja takan aro su daga wani fon, a allo ba a cika lura ba, amma a takarda sai a ga harafin ya fi 'yan'uwansa kauri ko ya zama ɗan akwati. Ina amfani da Charis SIL ko DejaVu ko Noto, sannan in fitar da PDF in duba shi kafin in tura, domin PDF yana tafiya da fon ɗinsa a ciki.

Idan duk an bi waɗannan abu bai yi ba, CUPS tana rubuta abin da ya faru a /var/log/cups/error_log, ko a cikin journalctl a wasu rabe-raben. Umarnin cupsctl --debug-logging yana sa ta yi bayani dalla-dalla. A tura shafi ɗaya, a nemi lambar aikin a cikin rubutun, a bi ta har inda ta tsaya. Saƙon Filter failed yana nuna matsala a wajen juya harshe, wato direba ko wani ɓangarensa da ba a ɗora ba, saƙon kasa haɗuwa kuma yana mai da mutum ga adireshi da ƙofa. Samun damar leƙa cikin manhajar bugawa yana da tarihi mai ban sha'awa: wajen 1980, a ɗakin bincike na jami'ar MIT da ke Amurka, an hana Richard Stallman ganin lambobin manhajar wata firintar Xerox da jama'a ke tarayya a kanta, wadda takarda ke yawan maƙale mata ba tare da masu jira sun sani ba, kuma yana lissafa wannan cikin abubuwan da suka tura shi ga shelanta aikin GNU, na samar da manhajojin da kowa zai iya leƙa cikinsu, a 1983.

Raba firinta yana nufin buɗe ƙofa, saboda haka a takaita ta ga cikin ofis. A watan Satumba na 2024, mai bincike Simone Margaritelli ya bayyana wasu ramukan tsaro da suka shafi cups-browsed, manhajar da ke ƙara firintocin da ta ji shelarsu kai tsaye, inda wani daga nesa zai iya sa kwamfuta ta karɓi firintar bogi, idan aka buga da ita kuma umarninsa ya gudana. An fitar da gyara, amma sai wanda ya sabunta kwamfutarsa zai amfana, wanda kuma ba ya buƙatar cups-browsed zai iya kashe ta. Su ma tsofaffin direbobi masu fayil ɗin PPD, wato fayil mai bayanin abin da firinta ke iya yi, CUPS ta riga ta fara gargaɗin cewa za ta daina karɓar su nan gaba, OpenPrinting kuma tana mai da su ƙananan manhajoji masu kwaikwayon firintar IPP don tsofaffin injuna su ci gaba da aiki. Saboda haka idan ofis zai sayi sabuwar firinta, abin da nake dubawa a jikin kwali shi ne ko tana da ramin wayar sadarwa, da kuma ko an rubuta AirPrint ko Mopria (takwararsa ta wayoyin Android) ko IPP Everywhere, ko da kuwa mai shago ya rantse cewa CD ɗin da ke ciki na Windows ne kaɗai.